Kwanukan da Suka Riƙa Dawowa Cike

Shekara biyu cur na yi ina sallah a kan farar kujerar roba, irin wadda ake jerawa a gidan biki. Ba tsufa ne ya zaunar da ni ba, don a lokacin ban wuce hamsin da 'yan kai ba. Nauyi ne. In na durƙusa gwiwoyina su ɗauki kuka, in kuwa na daure na kai ƙasa, to tashi sai mai gidana, Malam, ya zo ya kama ni ta hammata kamar mai ɗaga buhun masara. Ranar da ya kama ni muka zube tare, ni da shi da labulen ƙofa, ranar ya fita ya sayo kujerar. Ya dasa ta a kan dardumata.

Na san addini ya ba da dama, wanda ba ya iya durƙuso ya yi a zaune. Amma ni ba na yi wa kaina ƙarya. Wannan nauyin ba daga sama ya faɗo mini ba, ni na tauna shi da haƙorana, loma bayan loma, kuma mafi yawansa bayan kowa ya yi barci. Abu ɗaya nake so a duniya a wancan lokacin: goshina ya sake taɓa ƙasa.

Bari in faɗi inda abin ya samo asali, don kada a ɗauka kwaɗayi ne zalla, ko da yake akwai shi a ciki.

Gidanmu a Gyadi-Gyadi yake, tafiya kaɗan a ƙafa zuwa babban asibiti. Wanda ya taɓa zama kusa da asibiti ya san abin da nake nufi. Duk wanda ya kwanta ciwo a garinmu ko a garin su Malam, mu ne masaukin danginsa. Mara lafiya ɗaya, 'yan rakiya biyar. Ga kuma 'ya'yana takwas. Shekara da shekaru tukunyata ba ta sauka da abin da ya gaza cin mutum goma sha biyar ba. Hannuna ya san awon gari ko idona a rufe, muciyata kuwa tsayinta ya kusa ƙuguna.

Sai yara suka girma suka watse. Matan aka kai su ɗakunansu, ɗaya a Hotoro, ɗaya a Daurawa, sauran nesa. Mazan suka kama gidajensu, baƙin ƙauye ma suka fara sauka a can. Gida ya rage daga ni sai Malam, sai wata yarinya nas da muka ba hayar ɗakin da ke kusa da soro, ita ma rabin kwananta a asibiti take yi. Gida ya ragu, amma hannuna bai samu labari ba. In na shiga ɗebo gari, na mutum goma sha biyar nake ɗebowa.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, abu biyu ta dasa mini kafin a kai ni gidan miji. Mai girki ba ta zama cin abinci sai ta ga kowa ya ƙoshi, kuma abinci ba ya shiga kwata. Ta taɓa kama ni ina tuttular da ragowar koko a bayan ɗaki, har yau in na tuna sai kunnena na hagu ya yi zafi. Waɗannan biyun suka haɗu da wutar lantarkin da ba ta san hanyar layinmu ba. Muna da firji, amma kwanukan samira nake jerawa a ciki. A zafin Kano, miyar da ta kwana kumfa za ki tarar a kanta da safe. Tuwo dai ya yi ɗumame, to ɗumamen mutum goma sha biyu wa zai cinye?

Saboda haka ni na zama firjin gidan.

Da rana ba na ci sosai, wannan kowa shaida ne. In ɗan taɓa nan, in ɗanɗana can, a tsaye. Amma bayan isha'i, Malam ya kunna rediyonsa ya kishingiɗa, ni kuma sai in shiga madafi da sunan wanke-wanke. Da ƙanzo nake farawa, in kankare shi, in zuba masa mai da yaji. Wannan haƙƙin mai girki ne, babu mai yi mini gardama. Daga nan in ga rabin malmalar da Malam ya bari, in ce wannan ai ba za ta kai safe ba. In ga miyar kuka ta yi saura a gindin tukunya, in ce miya ba ta tafiya ita kaɗai, in yanko mata sabon tuwo. Kafin in ɗauraye kwanon ƙarshe na ci abincin mutum uku, a kan 'yar kujerar tsuguno, da fitilar waya a jingine jikin turmi. In kwanta ciki kamar ganga, ƙwannafi ya taso mini har maƙogwaro, in tashi in sha kanwa, in koma. Da asuba in hau kujerar roba in roƙi Allah ya ba ni lafiya.

A wannan tsakanin na shiga makarantar manya a Tarauni. Ban taɓa riƙe fensir ba sai da na aurar da autata. Na je ne don na gaji da ba mutane wayata su karanta mini saƙon 'ya'yana. A aji ni ce mai bakin, in malama ta yi sauri in ce mata ta dawo baya, ba gudun tsere muka zo ba. Amma kullum ƙarfe goma na safe sai barci ya kwashe ni a kan benci, saboda daren da ban yi shi da kyau ba. Matan ajin suka sa mini ido, ni kuma na ce musu hawan jini ne.

Yarinyar nan nas ce ta fara kama ni. Ta dawo daga aikin yamma, ta shigo ɗiban ruwa, ta same ni hannu dumu-dumu cikin tukunya.

Ta ce, "Inna, sahur ake yi?"

Na ce, "Wanke-wanke nake."

"Da baki?"

"Ke, 'yar nan, ɗebi ruwanki ki wuce. Ɗaki na ba ki haya, ban ba ki madafi ba."

Ba ta wuce ba. Ta jawo turmi ta kifa ta zauna a kai, da fararen kayanta. Yarinya ce siririya, amma ta saba da masu taurin kai a gadon asibiti, ba ta jin tsoron harara. Ta ce ta daɗe tana jin ƙarar kankarar tukunya daga ɗakinta, ta ɗauka ɓera ne. Ta ce gwiwar da nake shafa wa man zafi ba ta da laifin komai, kaya aka ɗora mata fiye da ƙarfinta. Ba ta ce in daina cin tuwo ba, da ta faɗi haka da tun a ranar mun ɓata. Ta ce in zauna in ci rabona tare da Malam da magariba, in ƙoshi, bayan isha'i kuma kada in sake sa komai a baki sai ruwa. Sannan in rage tukunya.

Na ce, "In na rage nauyin zan yi sujada?"

Ta ce, "Ban yi miki alkawari ba, Inna, ba ni ke da gwiwar ba. Amma in ba ki rage ba, wannan kam na yi miki alkawari ba za ki yi ba."

Na ji haushinta kwana biyu. A na uku na rage tukunya. Na auna gari rabin abin da na saba, kamar ina sata. To a ranar, ba jiya ba, ba gobe ba, ƙanen Malam ya yi sallama da magariba da mutum huɗu daga ƙauye, sun kawo matarsa awo. Na tsaya a tsakar gida da malmala uku a kwano. Sai da na sake hura wuta na dafa taliya, baƙi suna zaune suna jira suna cewa kada in wahalar da kaina. Kunyar da na ji a daren nan ban taɓa jin irinta ba tun da aka kawo ni gidan. Washegari na koma wa babbar tukunyata, na ce da ita ki yi haƙuri.

Sai dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka babu wanda ya kai ni wayo a Gyadi-Gyadi. Tunda ba zan iya rage girki ba, kuma ba zan zubar ba, to in fitar da shi daga gidan tun da sauran haske. Ina da maƙwabta. Bayan katangarmu akwai Hajiya, dattijuwa ce da ta girme ni da kusan shekara goma, mijinta ya rasu, tana zaune da ɗanta da ba ya wuni a gida. Katangar da ke tsakaninmu gajera ce ta wajen rijiya, in na taka dutse muna ganin juna. A gidan da ke kallonmu kuma akwai matar wani direban tifa, yarinya ce da aka kawo daga ƙauye, har ta yi 'ya'ya biyu amma duk layin Amarya muke ce mata.

Da la'asar na sauke tuwo, na cire namu, na cika kwano biyu har murfi ba ya rufuwa. Na miƙa wa Hajiya ɗaya ta katanga, na yafa mayafi na kai wa Amarya ɗaya. Na dawo na wanke tukunyata tas tun rana ba ta faɗi ba. Na zauna na ci tuwo da Malam, shi har kallona yake, don rabon da mu sa hannu a lokaci ɗaya tun muna amarci. Daren nan na yi barci kamar jaririya.

Abin da na manta, ni da na haura shekara hamsin a cikin Hausawa, shi ne kwano ba ya komawa gidan mai shi wayam.

Washegari bayan magariba na ji Hajiya tana ƙwanƙwasa katanga da ludayi. Na taka dutse, ta miƙo mini kwanona. Da na karɓa na ji nauyi. Na buɗe, ɗanwake ne, ya sha mai da yaji, ga dafaffen ƙwai an yanka a sama. Ban gama sauka daga dutsen ba Amarya ta yi sallama da nawa kwanon a lulluɓe cikin mayafi. Dambun shinkafa ne da zogale, irin na mutanen ƙauye da ba su iya rowar gyaɗa ba.

To ku gaya mini, ɗanwake yana kwana? Dambu yana kwana a wannan zafin? Malam ya riga ya ci tuwonsa ya ce ko loma ba shi da wurin sawa. Nas tana asibiti. Na zauna a madafi na dube su, suka dube ni. Na ce yau kaɗai.

A da tuwona ne kawai nake fama da shi, abu ɗaya, wanda na sani tun ina yarinya. Yanzu kuwa kowane dare sai ka ce walima. Na aika tuwo da miyar kuɓewa, a dawo mini da alale. Na aika shinkafa da wake, a dawo da funkaso da miyar taushe. Hajiya ta ga kwanona babba ne, ta ji kunyar mayar da shi rabi, ta riƙa cika shi. Ni kuma na ga ta cika, na ji kunyar in aika mata abin da bai kai nata ba, na ƙara awon gari. Amarya ta ga manya suna gwada hannu, ta ce ba za a raina ƙauyensu ba, ta fara haɗowa da soyayyar awara a leda. Ni ma ban fasa ba, kullum da la'asar ni ce a bakin katanga, saboda in na daina aikawa rana ɗaya za a ce wani abu aka yi mini.

Ni da ake tsoron bakina a layin nan, ni da na taɓa tsayar da mai gyaran kwata na sa ya sake aikinsa tun daga farko, na kasa buɗe baki in ce wa maƙwabciyata kada ta ba ni abinci. Zagi ya fi wannan sauƙi. In kin zagi mace za ku shirya ranar suna ko ranar gaisuwa. In kin ce mata ba kya son abincinta, ta tafi da shi kabari.

Wata biyu aka yi ana wannan. Zanen da nake ɗaurawa ya zagaye ni har ya yi saura, ya koma da ƙyar bakinsa ke haɗuwa. Nas ta daina yi mini magana a kai, sai dai in ta wuce ta ga kwanuka a jere ta ce, "Inna, yau daga wace jiha aka kawo?"

Sai wata asuba, ina raka'a ta biyu, na sunkuya daga zaune, na ji ƙafar kujera ta baya tana tafiya a hankali. Ba ta karye da ƙara ba, buɗewa ta yi kamar ta gaji. Na tafi ta gefe na zauna daɓas a kan darduma, kujera ta kife a kaina. Malam ya dawo daga masallaci ya same ni a haka. Ya ɗaga ni, ya tambaya ko na ji ciwo, na ce a'a. Da hantsi ya fita da adaidaita sahunsa, da azahar ya dawo da sababbin kujeru biyu. Na ɗauka ɗaya ta baƙi ce. Sai na ga ya ɗora ɗaya a kan ɗaya, ya danna su suka haɗe, ya dasa a kan dardumata.

Na ce, "Malam, mene ne wannan?"

Ya ce, "Mai kujerun ne ya ce haka ake yi wa manyan baƙi."

Yana faɗa yana kallon bango, gemunsa yana motsi. Na so in yi faɗa, dariya ta riga faɗan fitowa. Muka yi ta yi har na riƙe ciki. Amma da na hau kujerun nan biyu na yi azahar, na ji ƙasa ta ƙara yi mini nisa. Da ɗaya nake, yau biyu. Na sallame na ce wallahi ba za a kai uku ba.

Ban tsaya a katanga ba, na zagaya ta ƙofa na shiga gidan Hajiya, na aika aka kira Amarya. Na samu Hajiya a gindin murhu tana jefa ɗanwake, gumi har wuya.

Na ce, "Yaya, sauke tukunyar nan, magana na zo da ita. In za ki yi fushi ki yi, amma ki bari in kai aya."

Na faɗa musu komai. Kankarar tukunya, ƙwannafi, maganar nas, kujerar da ta buɗe da ni, da biyun da aka haɗa. Na ce tuwon da nake aiko muku ba don kirki ba ne kaɗai, gudunsa nake, ku kuma kuna dawo mini da abin da ya fi shi daɗi. Na ce girkinku ba shi da laifi, laifinsa ɗaya, ba na iya barinsa.

Hajiya ta tsaya tana kallona, ludayi a hannu. Na ce shi ke nan, zumuncin shekara talatin ya tafi. Sai ta ajiye ludayin ta zauna a bakin rijiya ta fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, sai kafaɗu.

Ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. Kin san likita ya hana ni tuwon dare tun bara saboda sukari? Wata biyu ina ɓoye kwanonki a ƙarƙashin gado kada yaron nan ya gani, in ya yi barci in jawo in cinye. Ina ci ina cewa matar nan za ta kashe ni da alheri."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Abin da ya hana ki."

Amarya tana tsaye ta rufe baki da mayafi. Hajiya ta ce, "Ke kuma fa, munafuka, me kike ɓoyewa?"

Ta ce, "Ni wallahi Inna girki biyu nake yi kullum. Ɗaya namu, ɗaya na kwanonki. Maigidan ma ya ce ko gidan abinci zan buɗe ne ban gaya masa ba."

Mu uku muka zauna a tsakar gidan nan muna dariya har ɗanwaken ya narke a tukunya. Mata uku, kowace tana wahalar da kanta da 'yar'uwarta, kowace tana ganin ita ake yi wa karamci.

Hajiya ce ta kawo mafita, da yake ta fi mu daɗewa a duniya. Ta ce a garinsu, in aka kawo wa kakarta abinci ba ta da abin mayarwa, gishiri take ɗan zubawa a kwanon, ko ta sa ƙwayar ashana, don dai kada ya koma wayam. Babu wanda ya taɓa cewa ta yi rowa. Muka yi shawara a kan haka. In ɗaya ta yi girki na marmari ta aika kaɗan, da rana, kuma abin da za a mayar mata ya zama wanda ba a taunawa.

Sauran babbar tukunyata. Wannan nas ce ta warware ta da daddare, da na ba ta labari tana ta dariya har da buga cinya. Ta ce, "Inna, kina da mutum goma sha biyar ɗinki har yanzu, ba ki duba inda suke ba ne." Ta ce a harabar asibiti akwai masu jinya da suka zo daga nesa ba su da kowa a Kano, suna kwana a kan tabarma a baranda, wasu gari da ƙuli suke jiƙawa su sha. Irin mutanen da na yi shekaru ina saukewa, sai dai waɗannan ba su da ɗan'uwa a Gyadi-Gyadi.

Tun daga ranar, in na sauke tuwo da la'asar, sai in cire na mutum uku da ɗan abin da baƙo zai samu, sauran in kwashe a babbar kula. Malam ya ɗora a adaidaita ya kai bakin asibiti, nas ta san waɗanda za a ba. Kular tana dawowa a wanke. Ranar farko da na buɗe na ga babu komai a ciki, sai da na leƙa sau biyu. Ban taɓa murnar ganin kwano wayam ba sai ranar. Ko da yake su ma Hausawa ne, ba a raba su da halinsu. Wata tsohuwa da aka sallami ɗanta ta ƙulla mini garin kuka a bakin tsumma ta jefa a ciki, wani kuma ya sa goro biyu.

Kada in yi ƙarya in ce daga nan komai ya tafi daidai. Abinci ya bar gidan, amma ƙafata ba ta manta hanyar madafi ba. Bayan isha'i sai in tsinci kaina a tsaye a gaban tukwane, babu komai a ciki, ina buɗe murfi ina rufewa. Wani dare har gari na jiƙa da sukari. Da na ga haka na sayo kwaɗo a kasuwar Tarauni na sa wa ƙofar, in an yi isha'i in kulle in ba Malam mukullin. Shi kuma ya rasa inda zai ɓoye sai cikin hularsa, ya kife ta a kan rediyo. Na sani sarai. Sau ɗaya na lallaɓa na ɗaga hular, ya ce daga cikin duhu, ko motsi bai yi ba, "A gaishe da tukwane." Na mayar na kwanta.

Hannun da ya saba aiki a wannan lokacin sai da na samo masa wani. Na riƙa ɗauko littafin makaranta in zauna a inda fitila take, in yi aikin da malama ta ba mu. A da ba na yi, a aji nake kwafa a gurguje. Rubutuna da yake kamar tafiyar kaza ya fara zama a kan layi. Barcin ƙarfe goma ya bar ni, matan ajin suka ce hawan jinin ya sauka ke nan, na ce musu ba hawan jini ba ne, ɗanwake ne. Na ba su labarin, sai ga shi rabin ajin kowace tana da tata tukunyar da take kankara. Na kuma daina jiran Malam ya kai ni, na riƙa takawa zuwa Tarauni da sassafe, in huta sau biyu a hanya, daga baya sau ɗaya.

Da sallah na yi ɓarna, ban ɓoye ba. Da bikin jikar Hajiya ma haka. Nas ta ce ba komai, wanda ya faɗi ranar Talata ba ya jiran wata Talatar kafin ya tashi, gobe ma rana ce. Watanni suka wuce, zanena ya fara yin saura. Malam ya zare kujera ɗaya daga cikin biyun ya kai soro.

Ranar da abin ya faru ba wata rana ce ta musamman ba. Azahar ce, gidan babu kowa, na dawo daga makaranta na yi alwala. Na tsaya a gaban kujera na yi kabbara a tsaye, yadda na ɗan fara yi a 'yan kwanakin. Na yi ruku'u na ɗago. Maimakon in nemi kujera ta baya, sai na ji zuciyata ta ce gwada. Na sauke gwiwar dama, ta yi ƙara amma ta riƙe. Na sauke ta hagu. Na dafa tafukana, na kai goshina.

Dardumar tana warin rana da ɗan turaren da nake sa wa ɗaki. Shekara biyu ina taka ta, na manta tana da wari. Na yi tasbihi uku, na ƙara uku, na ƙara, na kasa ɗagowa, ba don gwiwa ba. Da na zo tashi na dafa bango, na miƙe da kaina, ina huci kamar na yi dakan gero, amma na miƙe. Na cika raka'a huɗu a ƙasa.

Ina sallamewa ko hijabi ban cire ba na fita na taka dutsen katanga na ƙwala wa Hajiya kira. Ta fito tana tambaya lafiya. Na nuna mata goshina, inda zanen darduma ya kwanta. Ta duba, ta sake dubawa, ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakar gidanta da tsakar rana, har Amarya ta fito ba takalmi.

Bayan kamar awa ɗaya na ji ludayi a jikin katanga. Hajiya ta miƙo kwano a rufe. Na karɓa ina harararta.

Na ce, "Yaya, me muka ce?"

Ta ce, "Buɗe mana, sarkin faɗa."

Waina ce guda biyu, da zafinsu, da ɗan kwalin ashana a gefe.

Ta ce, "Biyu ce, kuma rana tsaka ce. Ɗaya taki, ɗaya ta mai kujeru."

Na jira Malam ya dawo cin abincin rana. Muka zauna a kan tabarma a inuwar ɗaki, ni ma a ƙasa, na miƙa masa tasa. Ya kalli yadda na naɗe ƙafa, ya kalli kujerar roba da na fitar tsakar gida na ɗora kular asibiti a kai tana shan iska. Ya gutsuri waina ya tauna a hankali.

Ya ce, "To yanzu wa zai riƙa ɗaga ni in na tsufa?"

Na ce, "Ci wainarka, Malam. Akwai kujera har biyu."